Yadda Ƙauyen Tsibiri Zai Koyar da Kansa, Ya Kuma Ƙidaya Dukiyarsa: Jagora daga Pemba

Tsibirin Pemba yana cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 50 daga gaɓar Tanzaniya, kuma shi ne na biyu a girma cikin tsibiran Zanzibar, bayan Unguja. Larabawa sun daɗe suna kiransa koren tsibiri, saboda tuddansa da ke lulluɓe da kanumfari da kwakwa da mangwaro. Faɗinsa bai cika murabba'in kilomita 1,000 ba, amma mutanen cikinsa sun haura rabin miliyan, kusan dukkansu Musulmi masu magana da Swahili, kuma abin da yawancinsu ke sawa a baki daga gona yake fitowa ko daga teku. A irin wannan wuri, idan kifi ya ƙare a bakin gaɓa ko daji ya ƙare a kan tudu, babu wani gaba da za a matsa, domin ruwa ne ta kowace fuska.

Wannan jagora an gina ta ne a kan abin da ƙauyukan Pemba da maƙwabtansu suka gwada cikin shekaru talatin da suka wuce. Abin da na fahimta daga tarihin nasu shi ne, koyar da mutane da yin bincike aiki ɗaya ne, kuma ba ya ɗorewa sai sikeli da littafin ƙidaya suna hannun mutanen gari. Wanda ya auna abu da hannunsa ba ya bukatar a yi masa doguwar lacca a kansa.

Mataki na farko: a san masu wurin kafin a taɓa komai

A Zanzibar, ƙaramar gundumar mulki ita ce shehia, shugabanta kuma sheha, kuma ta ƙofarsa ake shiga kowane gari. Bayan shi akwai kwamitin masunta na shehia, da limamai, da malaman makarantun allo da na boko. Ko da mai kawo shawarar ɗan gari ne, wajibi ne ya bi waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sanar da ofishin kula da kamun kifi ko na gandun daji na gunduma, domin duk dokar da gari zai kafa daga baya sai hukuma ta amince da ita kafin ta yi ƙarfi a kan baƙo.

Sai dai taron da sheha ya kira ba ya tattara kowa. Matan da ke bin fadamar teku da ƙafa lokacin da ruwa ya janye, suna farautar pweza, wato halittar nan mai hannuwa takwas da ke ɓuya cikin ramukan murjani (duwatsun nan masu rai na ƙarƙashin teku), ba kasafai suke magana a gaban maza ba, alhali su ne suka fi kowa sanin kowane rami. Haka matan da ke noman ciyawar teku, sana'ar da ta shigo Zanzibar a 1989, da samarin da ke nutso, da masu saran itace da ƙona gawayi, da masunta baƙi masu zuwa su kafa zango na 'yan makonni, abin da ake kira dago. A zauna da kowane rukuni shi kaɗai, a lokacin da ya dace da aikinsa. A shimfiɗa babbar takarda, ko a zana a kan rairayi, su nuna inda suke aiki da sunan da suke kiran wurin, da watan da abu ke yawa, da yadda yake a zamanin iyayensu. Daga waɗannan zane-zane za a haɗa taswira guda, da sunayen gari, ba sunayen da ke kan taswirar gwamnati ba. Wannan taswira ita ce takardar bincike ta farko, kuma tun a kanta ake gano inda rigima za ta taso, wato wuraren da ƙauyuka biyu ke cewa nasu ne.

Mataki na biyu: a zaɓi tambaya guda

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce za a kare murjani da kunkuru da daji da tsuntsaye duk a shekara ɗaya. A fara da abu guda wanda mutane ke jin raguwarsa a aljihunsu ko a tukunyarsu, wanda kuma zai iya nuna canji cikin 'yan watanni. A mayar da shi tambaya da za a iya amsawa da lamba: shin nauyin pweza da mace ɗaya ke kamawa a fita ɗaya zai ƙaru idan an bar wannan fadama ta huta wata uku? Shin jemagun da ke maƙabartar gari suna ƙaruwa ko raguwa daga shekara zuwa shekara? Tambayar da ba ta da ma'auni, irin su ko muhalli yana gyaruwa, ba za ta kai kowa ko'ina ba.

Mataki na uku: a koyar da harshen da mutane ke girmamawa

A nan Pemba ta ba duniya darasi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A yammacin tsibirin, daura da garin Chake Chake, akwai ƙaramin tsibiri mai suna Misali, wanda masunta daga ƙauyuka da dama ke dogaro da murjaninsa, kunkurun teku kuma na hawa rairayinsa su yi ƙwai. Mutanen wurin suna danganta sunan da kalmar msala, wato abin salla, bisa wani labari da ke cewa Halliru ya taɓa yin salla a can. An ayyana Misali a matsayin wurin da doka ta kare a 1998, daga baya a 2005 ya shiga cikin babban yankin kariya na mashigin Pemba. Amma doka kaɗai ba ta hana wasu jefa nakiya cikin ruwa ba, hanyar da ke kashe manya da ƙananan kifi a lokaci guda, ta kuma farfasa murjanin da ya ɗauki shekaru aru-aru yana girma.

A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar agaji ta CARE ta haɗa hannu da wata gidauniyar Musulunci mai kula da muhalli da ke Birmingham a Ingila, wadda Fazlun Khalid ya kafa, suka zauna da limamai da malaman makarantun allo da shugabannin masunta, suka koma ga Alƙur'ani. Suka karanta ayar Suratur Rum da ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, da ayoyin Suratur Rahman a kan ma'auni da hanin ƙetare shi, da ayar Suratul An'am da ke cewa babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummomi ne irinku, da hanin almubazzaranci a Suratul A'araf. Masuntan da suka saba wasan ɓuya da jami'an gwamnati suka ga cewa maganar ta wuce tara da kamu, ta zama amana da za a tambaye su a kanta. Daga wannan aiki aka fitar da littafin jagora na malamai cikin Swahili da Turanci.

Wanda zai bi wannan hanya ya kiyaye abu biyu. Na ɗaya, malaman gari ne za su zaɓi ayoyi su tsara huɗuba da darasi, ba ma'aikacin wata ƙungiya ba, domin mutane suna saurin gane wanda ya ari addini don ya sayar da hajarsa. Na biyu, kowane darasi ya sauka a kan aiki takamaimai: wace raga ce idonta ya yi ƙanƙanta, wane sanda ne ke fasa ramin pweza, me ya sa ba a ɗibar ƙwan kunkuru. Wa'azin da ya tsaya a sama, kowa zai ce amin ya koma ga abin da ya saba.

Yara kuwa a fitar da su daga aji. Da yawa daga cikin 'ya'yan tsibiri, musamman 'yan mata, ba su iya iyo ba, kuma ba su taɓa ganin murjani mai rai da idonsu ba. Tsibirin Chumbe da ke kusa da Unguja, wanda aka kare murjaninsa tun 1994, ya daɗe yana kawo ɗalibai da malamansu, a sa musu rigar da ke hana nutsewa da gilashin kallon ƙarƙashin ruwa, tsofaffin masunta da suka zama masu gadi su riƙa nuna musu abin da ke ƙasa. Chumbe kamfani ne mai zaman kansa ke gudanar da shi, kuma yana da kuɗin masu yawon buɗe ido, amma ƙauye zai iya yin kwatankwacinsa da kwalekwale ɗaya da gilasai goma da iyaye mata biyu masu rakiya. Idan ma babu wannan, a kai yaran fadama lokacin janyewar ruwa, kowane yaro ya zana abu biyar, ya tambayi kakarsa sunayensu. Ƙungiyar muhalli ta makaranta kada ta zama ta waƙa da wasan kwaikwayo kaɗai, a ba ta aikin ƙidaya na gaske da manya za su yi amfani da sakamakonsa.

Akwai darasi ɗaya da bai kamata a jinkirta ba, domin na ceton rai ne. Naman kunkurun teku wani lokaci yana ɗauke da guba da dafuwa ba ta kashewa, kuma ta fi yi wa yara illa. A watan Nuwamba na 2021 mutum bakwai sun rasu a Pemba bayan cin wannan nama, a watan Maris na 2024 kuma yara takwas da babba ɗaya suka rasu a Kisiwa Panza, wani ƙaramin tsibiri a kudancin Pemba, aka kwantar da wasu da dama a asibiti. A faɗi wannan a masallaci da makaranta da asibitin mata masu juna biyu, cikin tausayi, ba tare da zargin iyalan da abin ya shafa ba.

Mataki na huɗu: a fara aunawa tun kafin a canja komai

Duk ƙidayar da za a yi tana da ƙa'ida ɗaya da ba a sassautawa: wuri ɗaya, hanya ɗaya, lokaci ɗaya, kowane zagaye. Kuma a fara ta aƙalla wata biyu ko uku kafin a rufe wani wuri ko a hana wani abu, in ba haka ba babu abin da za a gwada sakamako da shi. A zaɓi masu rubutu biyu ko uku, da mace a cikinsu, waɗanda gari ya yarda da gaskiyarsu, kuma kada a ɗauko su daga cikin dillalan da ke sayen abin da ake aunawa.

Ga pweza, kayan aikin su ne sikeli mai rataya, da littafi mai tauri, da fensir, domin biro yana zuba idan ya jiƙe. A zauna a inda ake sauke kamu. Ga kowane mai kamu a rubuta kwanan wata na boko da na Musulunci, da sunan fadamar da ya je, da ko da ƙafa ya je ko da nutso, mace ce ko namiji, awa nawa ya yi, pweza nawa ya kamo, da nauyinsu gaba ɗaya. Daga kowane mutum na biyar, a auna kowace pweza ita kaɗai. Kwanan watan Musulunci yana da muhimmanci saboda hawa da janyewar teku suna bin wata ne: sau biyu a wata, wajen tsayuwarsa da wajen cikarsa, ruwa yana janyewa sosai, lokacin da ake kira bamvua, kuma a wannan gaɓa tazarar hawa da sauka tana kaiwa kusan mita 4. A waɗannan kwanaki ne masu ƙafa ke isa ramuka masu nisa. Wanda ya gwada kamun ranar bamvua da na ranar ƙaramin ruwa ya yaudari kansa. Haka nan a rubuta ko lokacin iskar kaskazi ne, mai busowa daga arewa maso gabas, ko na kusi, mai zuwa daga kudu maso gabas da ƙarfi har ta hana ƙananan jirage fita.

Lambar da za a sa wa ido ita ce kilo nawa mutum ɗaya ya samu a fita ɗaya, ba jimillar abin da aka sauke ba. A ɗauki misali: idan mutum 40 sun sauke kilo 80, kowa ya samu kilo 2, idan kuma wata rana mutum 100 sun sauke kilo 150, tarin ya fi girma a ido amma rabon kowa ya sauka zuwa kilo ɗaya da rabi. Yawancin gardamar da ke tashi a taron gari daga rashin bambanta waɗannan biyu take fitowa, shi ya sa ya kamata a yi wannan lissafi a kan allo a gaban kowa har ya zauna.

Ƙidayar jemage ta fi sauƙi, kuma ita ce ta fi dacewa da ɗalibai. Pemba tana da wani babban jemage mai cin 'ya'yan itace, mai jan gashi a ƙirji, wanda faɗin fikafikansa ke haura mita ɗaya da rabi, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai can. Farauta da bindiga da saran manyan itatuwa sun rage shi har a farkon shekarun 1990 aka yi zaton saura 'yan ɗaruruwa. Binciken da aka yi a 1995 ya samu tsakanin 4,600 da 5,500. Ƙungiyoyin ƙauye suka ɗauki nauyin tsaron itatuwan da yake kwana, da yawa a cikin tsofaffin maƙabartu inda dama ba a saran itace, makarantu suka shiga koyarwa, ma'aikatar gandun daji da ƙungiyar Fauna & Flora International suka tallafa, har a 2008 aka sanar da cewa adadin ya kai aƙalla 22,000. Ƙauyen da ke kula da matattarar Kidike, arewa da Chake Chake, har kuɗin shiga yake karɓa daga masu zuwa kallo. A ganina akwai darasi na biyu a cikin waɗannan lambobi: wani ɓangare na tazarar da ke tsakanin ƙidayar farko da ta 1995 ya samo asali ne daga isa matattarun da ba a kai gare su a baya ba, kuma mutanen gari ne suka san inda suke.

Yadda ake yi shi ne, a je da safe bayan jemagun sun dawo sun natsu, a yi shiru, a ba kowace itaciya lamba, mutum biyu su ƙirga kowace itaciya kowa shi kaɗai, sannan a ɗauki tsakiyar abin da suka samu. Idan sun yi yawa a reshe, a ƙirga goma, a riƙe girman wannan gungu a ido, a riƙa auna sauran da shi. Saboda jemagu suna ƙaura daga wannan matattara zuwa waccan, dole ne duk ƙauyukan su yi ƙidayar a rana ɗaya, in ba haka ba za a ƙirga garke ɗaya sau biyu. A hana yara jifa don su tashi, a kuma hana su taɓa jemage, mai rai ko matacce, saboda cututtuka. Darasin da ke tafiya da wannan ƙidaya shi ne uwa ɗa ɗaya take haifa a shekara, don haka abin da bindiga ta kashe a dare ɗaya shekaru ake yi kafin ya dawo, kuma jemagen da manomi ke jin haushinsa a kan mangwaro shi ne ke yaɗa irin itatuwan daji.

Ga kunkuru, sintirin asuba ake yi a bakin rairayi kafin ruwa ya share sawu. Sawun koren kunkuru yana tafiya biyu-biyu daidai da juna, na kunkuru mai bakin shaho kuma ɗaya gaba ɗaya baya. A sa alama a gefen ramin ƙwan ba a kansa ba, a rubuta rana, a dawo bayan kimanin wata biyu, idan 'ya'yan sun fita a tona a ƙirga ɓawon da ya fashe da ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. Kada a ɗauke ƙwai sai in ruwa zai cinye ramin, kuma wanda aka horar ne kaɗai zai yi, cikin 'yan awanni da zubawa, ba tare da juya ƙwan ba.

Mikoko, wato itatuwan da ke tsira cikin ruwan gishiri a bakin gaɓa, su ne garkuwar tsibiri daga zaizaya, kuma cikin saiwoyinsu ƙananan kifi ke girma. A killace filaye masu mita 10 kowane gefe da turaku, wasu kusa da gari wasu nesa, a ƙirga itatuwa masu rai da kututture da 'yan tsiro sau ɗaya a shekara. Game da dashe, ina da ƙorafi a kan yadda ake murnar adadin da aka dasa a ranar biki. Lambar da ke da amfani ita ce nawa suka rayu bayan shekara ɗaya da bayan biyu. A dasa inda tsofaffin kututture suka nuna cewa dama akwai daji, a dasa irin da ke wurin, domin ire-irensu, mkoko da mkandaa da mchu, kowanne da matsayinsa tsakanin tudu da ruwa, kuma kada a dasa a kan ciyawar ƙarƙashin ruwa, wadda ita ma gidan kifi ce.

Mataki na biyar: rufewa, tsaro, da ranar buɗewa

Idan an samu ma'aunin farko, sai a gwada. Mai karatu ɗan ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan dabara, domin haka ake barin Matan Fada a Argungu ta huta ƙarƙashin idon Sarkin Ruwa har ranar gasa. Ga pweza dabarar tana aiki da sauri saboda dabbar ba ta wuce shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya, kuma ƙaramarta tana iya ninka nauyinta cikin kimanin wata guda. A yankin, an fara gwada wannan ne a ƙauyen Andavadoaka da ke kudu maso yammacin Madagaska a 2004, kuma nazarin da aka wallafa a 2015 a kan rufewa 36 cikin shekara takwas ya nuna cewa a watan da ya biyo bayan buɗewa, abin da mutum ɗaya ke kamawa a rana ya kusan ninkawa. A 2015 ɗin ne Kisiwa Panza ta yi nata na farko a Pemba, da taimakon ƙungiyar Mwambao, wasu ƙauyuka irin su Kukuu suka biyo baya.

Kada a rufe duk fadamar gari. A zaɓi wani yanki da ake iya hangowa daga tudu, a bar sauran domin masu neman na cefane, a sa alamu masu yawo a kan iyaka, a rufe na wata biyu zuwa uku. Kafin ranar rufewa a rubuta ƙa'idoji: iyakar wurin, abin da aka hana, tarar karo na farko da na biyu, wanda zai yanke hukunci, da inda kuɗin tara zai shiga. A karanta su a taro, a kai wa hukuma ta sa hannu, a aika wakilai ƙauyukan maƙwabta da zangon masu dago su sanar da su baki da baki. A raba sintiri bisa jadawali, dare da rana, musamman daren bamvua. Duk tsarin yana tsayawa ko rushewa ne a ranar da aka kama ɗan wani babba, kuma idan aka yi masa sassauci a ranar, gara a cire alamun a huta.

Ranar buɗewa ta fi ranar rufewa wahala. Labari yana bazuwa, baƙi su cika wurin, samari masu nutso da jirage su riga kowa isa, matan da suka yi haƙurin wata uku su dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kasuwa kuma ta cika, farashi ya faɗi. Don haka a yanke tun farko wa zai shiga, da ƙarfe nawa, a bar masu ƙafa su fara kafin masu nutso, a yi ciniki da dillalai fiye da ɗaya kwanaki kafin ranar, a tabbatar sun zo da ƙanƙara. Yana da kyau a daidaita buɗewar da lokacin da gidaje ke bukatar kuɗi, kamar gab da azumi ko sallah ko komawa makaranta. A ware wani kaso da aka amince da shi daga cinikin ranar domin asusun kwamiti, a ƙara masu riƙe sikeli, domin wannan ce ranar da ba a so lamba ɗaya ta ɓace.

A nan sai an faɗi gaskiya ga jama'a. Rufewa ta ɗan lokaci tana ƙara wa pweza ƙiba ne, kuma tana ƙara kuɗi, amma ba ta da tabbacin ƙara yawan iri, ba ta kuma isa ta farfaɗo da kifin da ke ɗaukar shekaru kafin ya girma ko murjanin da zafin teku ya ƙone, kamar yadda ya faru a 1998 da 2016. Amfaninta mafi girma shi ne tana koya wa gari cewa zai iya kafa doka ya tsare ta. Bayan zagaye uku ko huɗu ne ake kawo maganar ware ɗan ƙaramin wuri da ba za a taɓa ba sam, inda uwar pweza za ta zauna cikin raminta ta tsare ƙwanta har ya ƙyanƙyashe.

Mataki na shida: a mayar wa gari da lambobinsa

Cikin mako biyu da buɗewa, a kira taro. A zana sakamakon a bangon makaranta ko a allo kusa da inda ake sauke kamu, da dogayen sanduna da gajeru yadda wanda bai yi karatu ba zai gane: kafin rufewa, bayan buɗewa, mata daban, maza daban, wurin da aka rufe da wurin da ba a rufe ba. Wannan na ƙarshe shi ke nuna ko rufewar ce ta kawo canji ko kuwa shekarar ce ta yi kyau ko'ina. Mai rubutun ne zai yi bayani, ba baƙo ba. Idan sakamakon bai yi daɗi ba, a nuna shi haka nan, a tambayi dalili, wataƙila an yi sata da dare, wataƙila wurin da aka zaɓa ba shi da ramuka. A wannan zama kuma ma'aji ya karanta abin da ya shiga asusu da abin da ya fita, har sule na ƙarshe, domin zargin kuɗi ya fi ɓarayin dare kashe irin wannan aiki.

Mataki na bakwai: baƙi masu bincike, da abin da zai rage bayansu

Gari zai bukaci masana, kuma suna nan kusa: Cibiyar Nazarin Kimiyyar Teku ta Jami'ar Dar es Salaam tana Zanzibar, haka ma Jami'ar Jihar Zanzibar. Su ne za su duba ko hanyar ƙidayar daidai take, su tantance sunan wani kifi, su yi aikin da sai da kayan nutso. Amma duk mai bincike da ya zo, bayan takardar izinin gwamnati, a zauna da shi a rubuta yarjejeniya: zai kwafi littafi amma ba zai tafi da shi ba, zai dawo ya bayyana abin da ya gano cikin Swahili, zai ambaci masu ƙidayar gari a abin da ya wallafa, kuma ba zai bayyana ainihin wurin ramukan kunkuru ko matattarar da ba ta da tsaro ba. Manhajojin waya irin su KoboToolbox suna sauƙaƙa tattara bayanai, amma waya tana faɗawa ruwa, tallafin sayen data yana ƙarewa, don haka littafin takarda ya ci gaba da zama uwa, a riƙa ɗaukar hoton shafukansa duk ƙarshen wata ana ajiyewa a wuri biyu.

Tallafin ƙungiyoyi yawanci na shekara biyu ne zuwa uku. Tun a shekarar farko a lissafa abin da aikin ke ci idan babu su, wato man sintiri, da ɗan alawus na masu rubutu, da littattafai, da sabon sikeli, a ga ko kason ranar buɗewa da tara da kuɗin masu kallo za su iya ɗauka. Idan ba za su iya ba, a rage aikin ya dawo daidai ƙarfin gari. Kowane mai rubutu ya ɗauki ɗalibi ɗaya daga ƙungiyar makaranta yana zama gefensa a ranakun bamvua. Sikelin kuma, tunda iskar gishiri tana cin ƙarfe, a riƙa gwada shi farkon kowane wata da cikakkiyar gorar ruwa mai lita ɗaya, wadda nauyinta kusan kilo ɗaya ne, a rubuta abin da ya nuna a saman shafin kafin a auna kamun farko.